Bakan Gizon da Saidou Bai Gina Ba

Idan ka tambayi Malam Saidou ƙarfe nawa, sai ya dubi fuskarka kafin ya dubi agogo. Idan ka tambaye shi garinsu kuwa, amsar ɗaya ce: "Me ya sa kake tambaya?" Shekara uku ina koyarwa a wata makarantar 'ya'yan baƙi da ke bayan unguwar Ulaya a Riyad, shi kuma yana jan bas ɗin ɗalibai, amma abin da na sani game da shi bai cika cokali ba. Ranar da na fara ganinsa na iske shi tsugune yana yi wa tayar mota faɗa da Hausa. Na yi murna, na gaishe shi. Ya miƙe, ya amsa mini da Larabci. Wata guda cur muna haka, ni Hausa, shi Larabci. Sai daga baya ya gaya mini cewa ya ɗauka ofis ne suka ajiye ni in riƙa sauraron hirar ma'aikata. Ni Jamilatu, da ko sunan mai makarantar ban iya faɗa daidai ba.

Mutumin Damagaram ne, ya haura hamsin, siriri, mai manyan hannuwa da ba su dace da jikinsa ba. Shekararsa goma sha bakwai a Saudiyya. Yana kwana a gidajen kamfani da ke Sulay, can cikin rumbunan kaya da garejoji, kuma kafin ƙarfe shida ya riga kowa isowa makaranta. Iƙamarsa, wato katin izinin zama, a naɗe take cikin leda biyu a aljihun ƙirji, ko da yake yanzu kowa a waya yake nuna tasa. Ba ya shan shayin ofis. Ba ya sa hannu a takarda sai ya kwana da ita. Idan aka ɗaga waya za a ɗauki hoton ƙarshen shekara, sai ka neme shi ka rasa. Gaskiya haushi yake ba ni, domin ni mutum ce mai son a yi magana a wuce wurin.

A watan Janairun bara mudira, shugabar makarantarmu, ta kira ni ofis. Ta ce mun ƙulla zumunci da wata makaranta a Italiya, za a yi aikin haɗin gwiwa a kan rayuwar Rumawan da da kuma gadon wurin da kowa yake zaune. Yaran can za su gina ƙaramin baka, wato lanƙwasasshen gini, irin na Rumawa da duwatsu, mu kuma ajina na shida za mu gina namu da ƙasa, sannan ranar ƙarshe a haɗu ta bidiyo kowa ya nuna nasa. Mako shida aka ba mu. Akwai wata malamar zane da ta so a ba ta aikin, aka hana ta aka ba ni, kuma tun daga ranar take mini kallon hadarin kaji a ɗakin malamai.

Na tsara komai a takarda, har da launi. Makon farko karatu: yadda Rumawa suke cin abinci a kishingiɗe, yadda suke jawo ruwa daga nesa a kan gadoji, gidajen wankansu da suka sa yaran suka yi ta dariya. Mako na biyu ziyara zuwa Murabba, a ga tsohuwar fadar da aka gina da ƙasa. Da na kai wa Saidou takardar tafiyar, ya juya ta gaba da baya.

"Malama, su wane ne Rumawan nan? Na cikin Alƙur'ani?"

Na ce kusan su ne, kakanninsu dai.

"To me suke nema a lakwal ɗinmu?" Haka yake kiran makaranta.

"Baba Saidou, sun mutu shekara dubu da wani abu."

"To wa ke biyan kuɗin?" in ji shi. Na bar shi tsaye da takardar, don na ji raina ya fara ɓaci.

A Murabba ne na fara sa masa ido. Direbobi kan zauna a mota su yi barci, shi kuwa ya biyo mu a baya a hankali. Yara suna ta guje-guje ina ƙirga kawunansu, sai na waiwaya na gan shi ya kifa tafin hannu a jikin bango, yana shafawa kamar mai duba zazzaɓin yaro. Ya kai hanci ya sunsuna. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon itacen rufi, leɓensa na motsi. Da muka haɗa ido, ya cusa hannun a aljihu ya ce yana neman banɗaki ne.

Mako na uku muka fara gini a bayan makaranta, a kan wani katako mai kauri. An kawo mana jar ƙasa buhu takwas. Na bi yadda littafi ya nuna na Rumawa: muka buga ƙananan bulo, muka jera su a kan wani lanƙwasasshen allo, muka saka na tsakiya a sama, washegari muka zare allon. Abin ya zube kamar tuwon da bai nuna ba. Muka sake, ya sake zubewa, wannan karon a gaban mudira. Ta dai dubi kalanda. Malamar zane kuwa ta wuce ta gabanmu sau uku ranar, ba abin da ya kawo ta.

Ranar Lahadi da safe na iske an taɓa mana kaya. An zazzage sauran ƙasar wuri ɗaya, an jiƙa ta, an cuɗe ta da yankakkiyar ciyawa, an rufe da buhu. Wani irin tsami take yi. Na buɗe, na sa yara suka buga bulo suka jera layi huɗu. Washegari na tarar an sauke uku an bar ɗaya, an sake rufe ƙasar. Rana ta uku kuwa sai ga sandunan ganyen dabino an fere su, an ɗaure da igiya, an kafa su cikin ginin ta gefe biyu suna kallon juna.

Ban ko yi shawara da zuciyata ba, na ce malamar zane ce. Na je ofis ina huci, na ce wa mudira ana yi mana zagon ƙasa, a duba kyamara. Ta ce sai kamfanin tsaro ya turo mutum ranar Alhamis, kuma duk wanda aka kama, malami ne ko ma'aikaci, za ta rubuta wa kamfaninsa a ɗauke shi daga makarantar. Na ce madalla. Har na fara shirya irin kallon da zan yi wa matar.

Ranar Laraba da aka tashi ina taimaka wa yara hawa bas, sai idona ya faɗa kan sitiyari. Jar ƙasa ce ta bushe a jikinsa, wurin da yatsu ke kamawa. Na dubi faratan Saidou. Ya ga na gani. Na jira yara suka zazzauna, na tsaya a bakin ƙofar motar na yi ƙasa da murya.

"Baba Saidou, gobe za a duba kyamara."

Ya dube ni. Can ya ce, "Wace kyamara?"

"Ta bayan makaranta. Ni na ce a duba."

Ban taɓa ganin fuskar babban mutum ta zube haka ba. Ya kai hannu ya dafa aljihun ƙirjinsa. Ya ce in jira shi, zai kai yara ya dawo. Na jira awa ɗaya da rabi a ɗakin malamai, ina jin haushinsa, ina jin haushin kaina.

Da ya dawo ya tsaya nesa da ni a bakin ginin, yana magana yana waige. Ya ce shi ɗan magina ne, a Birni aka haife shi, tsohuwar unguwar Damagaram. Ubansa da kakansa su ne ake kira idan za a ɗaura bakan gizo a zauren wani babba, wato lanƙwasasshen ginin nan da ke riƙe da rufin soro ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. Yana ɗan shekara tara ya fara miƙa tubali, yana ashirin da biyu ya ɗaura bakansa na farko shi kaɗai. Sai siminti ya shigo, kowa ya koma bulo da kwano, aikin ya mutu a hannunsu. Ya koyi mota, ya samu bizar direba, ya taho.

Ya ce shekararsa ta biyu a nan, kafilinsu na lokacin, mutumin da zamansu ke hannunsa, ya kai su shi da amininsa Nafiou su gyara masa katangar gona a bayan gari. Ya ce musu mafi mushkila, ba komai, taimako ne. Saidou ya tafi ɗebo ruwa a mota, kafin ya dawo masu bincike sun zo. Iƙamar Nafiou ta ce shi makiyayi ne, ga shi kuwa da ƙasa har gwiwar hannu. Aka tafi da shi gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar gida, kafili kuma ya ce bai san zancen ba. Saidou yana cikin mota daga nesa yana kallo, bai fito ba.

"Tun ranar, Malama, abin da katin nan ya ce ni ne, shi ne ni. Ya ce direba. Mutum goma sha ɗaya ke ci daga sitiyarin nan."

Na ce to me ya kai shi taɓa mana gini?

Ya dubi tarin ƙasar, kamar ita ce ta yi laifin. "Kullum ina wanke mota ina kallonku. Ƙasa ba ta kwana ba kun ɗora. Layi bai sha iska ba kun ɗora wani. Ba ƙashi a ciki. Na yi ta cewa ba ruwana, ba ruwana. Ranar Lahadi na ga hannuna a ciki."

Washegari tun kafin mutumin kamfanin tsaro ya iso na shiga ofis na yi ƙarya. Na ce wa mudira na tuna, ni ce na gwada wata dabara da na gani wurin kakata, na manta ban gaya wa kowa ba, gajiya ce. Ta dube ni ta saman tabarau har na ji gumi a bayana. Na san ba ta yarda ba, ta kuma san na sani. Ta ɗauki waya ta ce kada mutumin ya zo. Daga ranar ita ma ta fara sa mini ido, malamar zane kuwa ta samu labari na yi zarginta, ta daina amsa gaisuwata. Wannan kam na cancanta.

Saidou ya kafa sharaɗi: ba zai ƙara taɓa ginin ba, ba kuma zai yi magana da ni a kansa ba. Abin da ya yi shi ne ya mayar da wurin wankin motarsa kusa da mu. Muna aiki, shi yana tsugune yana yi wa taya faɗa da Hausa kamar yadda ya saba.

"Kai dai ba ka da haƙuri. Layi ɗaya a yini, ka bar shi ya sha iska."

Sai in juya in ce wa yara da Turanci yau layi ɗaya za mu yi.

"A ƙara ciyawa. A taka da ƙafa, ba da hannu ba."

Sai yara su tuɓe takalma su shiga ƙasa suna ihun murna. A bakin tayar nan na koyi cewa bakanmu ba irin na Rumawa ba ne. Nasu duwatsu ne ke tokare juna, na tsakiya ya kulle su. Namu ƙashi gare shi: a gida azara ake sawa, itacen giginya, a nan kuwa sandunan dabino suka tsaya a madadinta. Ana kafa su cikin bango ta gefe biyu, kowane ɗauri ya ɗan zarce na ƙasansa, ana bi da ƙasa a hankali, har hannuwan biyu su haɗu a sama. Na rubuta wannan duka a allon bayani, yara suka zana hotuna. Wata yarinya 'yar Sudan ta tambaye ni me ya sa direba ke zagin motarsa kullum, na ce tsufa ne.

Ranar haɗa sama ce ta gagare mu. Na ɗaura igiya sau uku tana kwancewa, faɗan da ake yi wa taya ya ƙaru har ya koma tsaki. Da yara suka shiga aji, na ji an tada bas. Saidou ya ja ta baya, ya gyara, ya sake gyarawa, har ta tsaya daidai tsakanin ginin da kyamara. Ya sauko ya ce in tsaya in duba hanya. Minti goma bai cika ba. Na saci kallo sau ɗaya, na ga hannuwan nan da na ce ba su dace da jikinsa ba suna tafiya kamar ba shi ke sarrafa su ba. Ya gama, ya wanke hannu da sabulu sau biyu, ya goge faratansa da tsinke, ya mayar da motar wurinta.

Baka ya tsaya. Tsayinsa ya kai ƙuguna, aka yi masa yaɓe ya yi sumul, yara biyu suka zauna a kansa bai ko motsa ba.

Saura kwana uku a yi nuni, makarantar Italiya ta aiko da takarda a rubuta sunan duk wanda ya taimaka, za a buga a ɗan littafin aikin. Na kai wa Saidou har mota. Na ce suna ne kawai, ba hoto, ba lambar iƙama. Na ce ba kuɗi aka biya shi ba, ba wanda zai kira wannan aiki. Na ce abubuwa sun sauya, ba kamar da ba ne.

"Nafiou ma taimako aka ce masa."

"Baba, haƙƙinka ne. Sunan mahaifinka ne."

"Wa zai karanta littafin?"

"Yara da iyayensu."

"Iyayen a ina suke aiki? Kin san su duka?" Ya miƙo mini takardar ba tare da ya dube ta ba. "Malama, ke idan abu ya ɓaci, maigidanki likita ne, zai yi waya. Ni wa zan kira?"

Na so in yi masa tsawa. Har yau ban sani ba ko tsoronsa na da tushe ko babu, kuma abin da ya fi ci mini rai ke nan, domin ban isa in rantse masa cewa babu ba. Na karɓi takardata na tafi.

Ranar nuni aka jawo ginin zuwa babban ɗakin taro, iyaye suka cika, aka kunna bidiyo. Yaran Italiya suka nuna nasu na duwatsu, muka tafa. Namu suka yi bayanin ƙashi da ƙasar da ke kwana. A can ɓangaren akwai wani tsohon malami mai farin gashi, ya matso har fuskarsa ta cika allon, ya ce a kai kyamara ƙarƙashin bakan. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce wannan ɗaurin ba na littafi ba ne, hannun wanda ya iya ne, wa ya koya mana?

Saidou na bakin ƙofa rungume da kujeru biyu da aka aike shi ya kawo. Na dube shi. Bai girgiza kai ba, bai yi komai ba, ya dai sauke kujerun ya dafa aljihun ƙirjinsa. Mudira tana kallona, ta bi idona zuwa ƙofa, ta dawo da shi kaina.

Na ce, "Ni da yara ne. A wurin kakata na gani."

Aka yi tafi. Aka ba ni takardar yabo da sunana da ruwan zinariya. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma takardar tana cikin akwati har yanzu, ban rataye ta ba.

Bayan mako biyu aka ce a kwashe kayan aiki, wurin ya yi datti. Wanda aka ba akori-kurar makaranta ya kai shara kuwa Saidou ne. Na fito na iske ma'aikata sun kawo guduma, shi kuma ya ce musu halas, su bari, a ɗora shi ɗungurungum ya fi sauƙin saukewa. Da suka tafi neman igiya, ya waiga hagu da dama, ya ciro wayarsa ya miƙo mini.

"Ɗauke ni. Da tawa, ba da taki ba."

Ya gyara hula, ya tsaya a gefen bakan, ya ɗora hannu ɗaya a samansa. Na ɗauka. Ya karɓa ya ƙura wa hoton ido, ya buɗa shi da yatsu biyu yana duba ɗaurin sama. Ya ce babban ɗansa yana shekara uku ya baro shi, bai taɓa ganin ubansa da ƙasa a hannu ba, direba kawai ya sani. Na ce to ya tura masa yanzu. Ya ce to. Ya daɗe da yatsa a kan wayar. Sannan a gabana ya goge hoton, ya shiga inda gogaggun hotuna ke taruwa ya sake goge shi a can.

"An ce a filin jirgi suna duba waya," in ji shi. "Na gani, ya isa."

Aka ɗora ginin, ya ɗaure shi da igiya ta wuri huɗu, ya cusa tsofaffin buhuna a gefe don kada ya gogu. Ban taɓa ganin an yi wa shara irin wannan gata ba. Ya shiga ya tada mota, na leƙa ta taga na ce, "Baba Saidou, ina za ka kai shi?"

Ya dubi fuskata, ya daɗe, kamar ranar farko.

"Me ya sa kike tambaya?"

Ya ja motar a hankali ya fita, ya bi hannun da ke zuwa Sulay.